Lugude da Turmin Aro

Sana'ar Amna Sulaimanu ita ce rubuta kiɗa. Ba mawaƙiya ba ce, ba ta kuma hawa dandamali ta kaɗa komai. Zama take yi da fensir da takarda mai layuka biyar-biyar, ta tsara abin da kowane makaɗi zai yi, da mai goge da mai sarewa da mai tambari, sannan ta miƙa wa ƙungiyar makaɗa su karanta su kaɗa. Idan baƙuwa ta tambayi mahaifiyarta, Hajiya Nana A'isha, aikin da 'yarta take yi, sai tsohuwar ta ce, "Malama ce," ta tura wa baƙuwar kofin shayi don a sauya magana.

Hausawan Sudan ne. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, suka yada zango a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. A can aka haifi Amna. Tana 'yar shekara goma mahaifinta ya kwashe su zuwa Umdurman, inda wani malamin makaranta ya ɗora mata kamanja a kafaɗa, wato gogen Turawa, bai kuma sake samun kayansa ba sai da ta gama makarantar. Daga nan ta karanci kiɗa a Khartum, ta samu tallafin karatu zuwa Jamus, ta dawo tana koyarwa. A hankali aka fara sanin sunanta. An kaɗa ayyukanta a ƙananan zauruka a Turai da Beirut, akwai ma wani da ta rubuta wa goge huɗu wanda gidajen rediyo suka riƙa sakawa. Ba ta yi kuɗi ba, amma masu harkar sun san da ita.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ita da mahaifiyarta suka bi ayarin motoci zuwa Aswan, daga can jirgin ƙasa ya kawo su Alƙahira. Suka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir, a saman shagon wani Basudane mai suna Isam, mai sayar da turaren wuta da busasshiyar kuɓewa da sauran kayan gida. Amna ta shiga koyar da 'ya'yan masu hali piyano a unguwar Madinat Nasr. Kusan shekara guda ba ta rubuta ko layi ɗaya ba.

Wata rana tana cikin mikrobas, wato ƙaramar motar haya, an matse ta tsakanin wata mata mai kwandon tumatir da tagar da ba ta rufuwa, sai wayarta ta yi ƙara. Daliya ce, wata Bamisriya da suka yi karatu tare a Jamus, wadda yanzu take jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa, mutum ashirin da 'yan kai.

"Shekara guda kina garina ba ki neme ni ba," in ji Daliya da Larabci. "Hukuncinki shi ne ki rubuta mini sabon kiɗa kafin kaka. Ba na son mai sa kuka. Kowa ya kawo mini abu daga Sudan sai na koma gida ido a kumbure."

Amna ta yi dariya har mai tumatir ta waigo. Kafin ta sauka daga motar ta riga ta san abin da za ta rubuta. Safiyar Mai Wurno ce ta faɗo mata: zakara ya yi cara, shanu na gurnani, sai ka ji taɓarya ta faɗa turmi a gidan maƙwabta, wani gidan ya amsa, kafin rana ta fito duk unguwar ta ɗauka. Idan kuma daka ya yi daɗi, mata biyu su haɗu a turmi ɗaya, wannan ta saki wannan ta ɗaga, su riƙa jefa taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Lugude ke nan, shi ta sa wa aikin suna.

Duk zafin bazarar nan a kan teburin cin abinci ta yi shi, fanka na kaɗa mata takardu, ta danne su da kwalbar man shanu. Sautin dakan ta ba wa babban tambari da wasu 'yan katakai da makaɗa ke bugawa da sanda.

Ranar gwajin farko, a wani ɗakin makaranta da ƙungiyar ke ara a tsakiyar gari, komai ya tafi daidai har aka zo wurin dakan. Mai kiɗan tambarin, Husam, wani ƙaton mutum ne mai gemu da yawan raha. Ya buga abin da aka rubuta masa ba kuskure ko ɗaya. Amna ta dafe kai.

"Na ɓata ne, Ustaza?" in ji Husam.

"Ba ka ɓata ba. Ni na ɓata. Wannan kamar mai gidan haya ne yake buga ƙofa."

Ya sauya sanda, ya shimfiɗa tawul a kan fatar tambarin, ya gwada bugun gefen akwatin kayansa. Duk ba su yi ba. Amna ta yi masa bayani cewa abin da take ji a kanta itace ne mai nauyi yake faɗawa cikin wani itacen mai rami, da hatsi a tsakaninsu. Turmi dai take nufi.

"Turmi? Ai da kin faɗa tun farko! Khalas, shi ke nan, gobe zan kawo."

Washegari ya zo da fara'arsa, ya zaro turmin tagulla na mahaifiyarsa daga jaka, ɗan mitsitsi wanda ake dakan tafarnuwa a ciki. Ya buga, abin ya ce ting. Masu goge suka kwashe da dariya, Daliya ta ajiye 'yar sandar da take jagorantar makaɗa da ita, ta zauna a kujera tana share hawaye.

Da Amna ta koma gida ta ba mahaifiyarta labari, tsohuwar ta yi dariya, sai kuma ta tuna da turminsu na gida.

"Namu yana can tsakar gida a ƙarƙashin dalbejiya," in ji ta. "Na kifa shi kafin mu fito, don kada ruwa ya taru a ciki."

 Amna ta tashi ta ɗora musu shayi.

Ta shiga neman turmi a Alƙahira. Ta zaga shagunan Sudanawa na Ard al-Liwa, duk wanda aka nuna mata na dakan gahawa ne, bai fi tsawon kwalba ba. Wani kafinta ya ce zai haɗa mata da katako da ƙusa, ta yi masa godiya ta wuce. Ashe maganin yana ƙarƙashin gidansu. Isam mai shago ne ya ji tana ƙorafi, ya ce akwai ɗaliban Najeriya da ke zuwa sayen gero wurinsa, domin in ba wurinsa ba sai shagon masu abincin tsuntsaye. Ya ce akwai wata a cikinsu da ke saye da yawa, ana ce mata Mardiya, tana zaune a unguwar Darrasa, ya ji an ce fura take yi.

"Mai yin fura kuwa ba ta rasa turmi," in ji Hajiya Nana A'isha da aka gaya mata. Ta jawo mayafinta. "Tare za mu."

"Inna, gwiwarki fa?"

"Gwiwar tawa ce ko taki? Yalla, mu tafi."

Gidan yana cikin wani lungu a bayan shagunan littattafai, ba nisa da masallacin Azhar. Wadda ta buɗe musu ƙofa yarinya ce siririya da dogon hijabi ruwan toka, da biro a hannu. Amna ta fara gaisuwa da Larabci, amma tsohuwar ta ture ta gefe.

"Salamu alaikum, ɗiyata. Mun ishe ku lafiya?"

Mardiya ta saki baki. "Hausa? Mama, daga ina?"

"Daga Sudan."

"Ikon Allah! Ku shigo, ku shigo. Wallahi Hausarki irin ta kakata ce sak."

'Yar Katsina ce, tana digiri na biyu a fannin fiƙihu, mijinta Malam Nata'ala kuma yana na uku a tafsiri. Ta shimfiɗa musu darduma tsakanin tulin littattafai, ta dama fura da kindirmo ta kawo. Hajiya Nana A'isha ta kurɓa, ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sai da aka gama tambayar dangi da garuruwa, aka gano cewa ba su haɗa kowa ba, sannan Amna ta faɗi abin da ya kawo su.

Mardiya ta saurara har ƙarshe, tana juya biro a hannu.

"Anti Amna, ban gane ba. Turmin za a kaɗa?"

"Daka za a yi a cikinsa, masu goge suna kiɗa."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

Mardiya ta dubi tsohuwar kamar mai neman ceto. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa. "Ni ma shekara ashirin ke nan ina ƙoƙarin ganewa."

Turmin yana kan rufin bene, domin maƙwabtan ƙasa sun ce kwanukansu na rawa duk ranar da ake daka. Na itacen ƙirya ne, baƙi, ya kai ƙugu, da taɓarya biyu. Mahaifiyar Mardiya ce ta aiko da shi ta hannun masu jigilar kaya a jirgi, bayan 'yarta ta yi mata kukan cewa furar injin markaɗe ba ta da daɗi. Amna ta ɗaga taɓarya ta saki a hankali. Sautin ya shiga ƙafafunta kafin ya iso kunnenta.

"Shi ne," in ji ta.

Mardiya ta ce za ta yi shawara da maigida. Kwana biyu ta kira. Ta ce sun yarda, daka dai ba laifi ba ne a kowace mazhaba, amma da sharaɗi. Ba za a daka turmin ba komai a ciki ba, domin tsagewa zai yi. Alhamis da Juma'a nata ne, ranakun furar ɗalibai. Sannan ba zai bar rufin nan ba sai ranar wasan, duk mai son koyo ya hawo. Ita kuma kada a ce za a sa ta a dandamali, ba tarbiyyarta ba ce, ga jarrabawa a gabanta. Amna ta ce ta amince da duka.

Haka Husam ya fara hawa benen Darrasa da yamma, yana haki, da ledar gero a hannu. Ranar farko Hajiya Nana A'isha da Mardiya ne suka nuna masa. Tsohuwar ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tofa a tafin hannu, suka fara. Da farko a hankali, dum, dum, sai suka ƙara wuta. Tsohuwar ta doki bakin turmi da gefen taɓarya, Mardiya ta amsa. Can sai ga taɓarya a sama, tafi ɗaya, cafe. Mardiya ta yi tafi biyu. Tsohuwar ta harare ta, ta yi uku.

Husam ya dafe kai da hannu biyu. "Ya salam! Ustaza, wannan ba abin da kika rubuta mini ba ne."

"Na gani," in ji Amna. Tana tsaye da takardunta, ta ma manta da fensirin da ke bayan kunnenta. Abin da ta rubuta daidai yake da abin da ta tuna, amma matan nan biyu ba maimaita abu ɗaya suke ba. Zance suke yi da juna, kowace tana jiran ta ji abin da ɗayar za ta ce.

Tsohuwar ba ta jima ba ta nemi kujera, kafaɗarta ta amsa. Nan matsalar ta fito fili. Lugude sai mutum biyu, ƙungiyar Daliya kuwa mai tambari ɗaya gare ta. Hajiya ba za ta iya tsayuwar ba, Mardiya ta riga ta faɗi nata. Amna ta fara lissafa ɗaliban kiɗa da za a iya nema.

"Ke fa?" in ji mahaifiyarta. "Hannuwan naki aro kika ba wani?"

"Inna, ni rubutawa nake yi. Ban taɓa hawa dandamali ba sai dai in gaisa da mutane in sauka. Kuma rabona da taɓarya tun muna Mai Wurno."

"To ga ta nan, ba ta canza ba."

Mardiya ta miƙa mata taɓaryar tana danne dariya. "Bismillah, Anti."

Makonnin da suka biyo baya, maƙwabtan rufin sun sha kallo. Tafin hannun Amna ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya sake yi. Ɗalibanta na piyano suka riƙa tambayar me ya sami Ustaza. Husam kuwa ƙarfi ne ya yi masa yawa. Bugunsa na farko ya watsar da rabin geron, tantabarun wani maƙwabci da ke kiwo a rufin kusa suka sauko gaba ɗaya, daga ranar kuma da sun ga ƙaton mai gemu ya hawo sai su jeru a kan katanga suna jira. Ranar da ya fara jefa taɓarya sama, ta tafi ta ɗauko jallabiyar Malam Nata'ala daga igiyar shanya ta dawo da ita. Malam ya leƙo daga matakala, ya dubi rigarsa a kan Husam, ya ce da Larabcin littafi, "Allah ya ba da sa'a," ya koma karatunsa.

Hajiya Nana A'isha na zaune a kujerar roba tana ba da umarni da Larabcin Sudan. Ta ce wa Husam ya daina dukan turmin kamar ya yi masa laifi, ya saki taɓaryar kawai, nauyinta ya isa. Ta ce a garinsu da an ga namiji na daka sai a tara yara su zo kallo. Idan dakan ya fara daidaita sai ta ɗora waƙa a kai, tana ƙirƙira nan take kamar yadda mata ke yi:

"Husamu ɗan Masar, gemu ya fi daka yawa,
Tantabaru sun ƙoshi, mu muna jiran gari."

"Me take cewa?" in ji Husam.

"Yabonka take yi," in ji Amna.

"Ban yarda ba. Mardiya na dariya."

Da aka fassara masa sai ya nace a koya masa, ya riƙa rerawa da Hausarsa mai karkata har a wurin gwaji.

Amna ta koma teburinta ta yage tsakiyar aikin gaba ɗaya. A sabon tsarin, idan aka zo wurin lugude, ba masu daka ne za su bi makaɗa ba, makaɗa ne za su bi turmi. Ta ba kowane rukuni na masu goge ɗan gajeren amshi, ta rubuta musu cewa su shigo duk lokacin da suka ji an doki bakin turmi. Waƙar tsokanar da mahaifiyarta ta yi wa Husam ma ta ɗauki karinta ta ba mai sarewa.

Daliya ta karanta sabbin takardun tana taɓe baki. "To ni me zan yi a nan wurin?"

"Ki sauke hannu ki saurara."

"Shekara goma sha ina koyon ɗaga hannun nan, ya Amna."

"Ma'alish, yi haƙuri. Na minti kaɗan ne."

Daliya ta yi gunaguni, amma da ta hau rufin Darrasa da kanta ta ji, sai ta kira makaɗan ta ce kowa ya zo ya ji da kunnensa. Suka riƙa zuwa uku-uku, huɗu-huɗu, Mardiya na ba su fura a kofunan shayi. Wasu suka sha suka nemi ƙari, wasu suka yi ladabi suka ajiye a bayan tukunyar fulawa.

An sa wasan ranar wata Asabar bayan la'asar, a wani tsohon zaure kusa da kogi. Da safe Husam ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya, shi da Malam Nata'ala suka sauko da turmin a naɗe cikin bargo. Mai kula da zauren ya ga abin da ake shigowa da shi ya ce sam, katakon dandamalinsa ya girmi kowa a wurin. Sai da aka shimfiɗa kafet biyu da tabarma a kai, Daliya ta yi masa rantsuwa, sannan ya bari, ya koma gefe yana kallon turmin kamar zai cije shi.

Zauren ya cika da mutanen da suka saba zuwa irin wannan wasa, tsofaffin Misrawa da kwat, ɗaliban kiɗa, Turawa 'yan kaɗan. Amma layuka uku na tsakiya matan Hayyin Ashir ne cikin laffaya kala-kala, Hajiya Nana A'isha ta gayyato su gida-gida, ƙamshin turarensu ya kai har dandamali. Amna ta leƙa ta bayan labule, sai ta hango dogon hijabi ruwan toka a kujerar ƙarshe, dab da ƙofa. Ta aika a kira ta.

"Ai na ɗauka ba za ki zo ba."

"Ba kiɗa na zo ji ba, Anti," in ji Mardiya. "Turmina na zo gadi." Ta kama hannun Amna. Ta riƙe shi da kyau. "Ki ɗauka a rufinmu kike. Ki yi bismillah, kada ki kalli kowa sai taɓaryar Husam."

Aikin Amna ne na ƙarshe. Da ta fito cikin farar laffaya ta tsaya a gaban turmi, Husam na fuskantarta da baƙar kwat, sai zauren ya ɗan yi guna-guni. Daliya ta ɗaga sanda.

Sarewa ce ta fara, ita kaɗai, siririya kamar daga nesa. Manyan gogen da ake kafawa a ƙasa suka shigo da gurnani. Aka ɗan jima a haka, gari bai waye ba tukuna. Sai Husam ya saki taɓarya. Dum. Sautin ya bi katakon zauren ya shiga ƙarƙashin kujeru. Amna ta ja numfashi ta saki tata. Ta ɗan makara, ta sani, Husam ma ya sani, amma ya jira ta, bugu na gaba suka haɗu. Daga nan ba ta ƙara tunanin komai ba. Masu goge suka riƙa shigowa rukuni-rukuni kamar gidajen unguwa na amsa wa juna. Daliya ta sauke hannuwanta ta haɗa su a baya.

Husam ya doki bakin turmi, goge suka amsa. Amna ta doka sau biyu, suka amsa sau biyu. Mai sarewa ya ɗauko waƙar gemu, Husam ya kasa riƙe murmushi. Ya jefa taɓarya sama, ya tafa, ya cafe. 'Yan ƙwayoyin gero suka yi tsalle suka faɗa kan takardar mai gogen da ke kusa, ya hure su bai daina kiɗa ba. Amna ta jefa tata, ta tafa sau biyu, ta cafe.

Nan ne Widad, maƙwabciyarsu ta hawa na biyu, ta kasa daurewa. Ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa. Sauran matan suka ɗauka. Tsofaffin masu kwat suka waiwaya a firgice, domin a irin wannan zaure ko tari mutum ba ya yi sai an gama. Daidai lokacin kuma makaɗan sun iso wani dogon sauti da ya kamata su riƙe na ɗan lokaci su saki. Daliya ta ɗaga hannu ɗaya ta riƙe su a kansa. Guɗa na tafiya, goge na riƙe, mai sarewa fuskarsa ta yi ja yana roƙonta da ido. Sai da guɗar ƙarshe ta sauka sannan ta saki hannun, aka gangara zuwa ƙarshe, dakan na raguwa har ya koma bugu ɗaya-ɗaya, ya tsaya.

An daɗe ana tafi. Sau uku Daliya na jawo Amna gaba. A na ukun Husam ya sauka ya riƙo hannun Hajiya Nana A'isha zai hawo da ita, ta ƙi, ta tsaya a wurinta ta ɗaga wa mutane hannu kamar ta saba. Wani tsohon malamin kiɗa ya tare Amna a bakin ƙofa, ya ce abin da ya fi burge shi shi ne yadda ta ɓoye mawaƙa a cikin 'yan kallo. Ta ce masa ba ita ta shirya ba. Bai yarda ba.

Mardiya kuwa tana hawa dandamali ta wuce kowa, ta durƙusa ta zagaya turmin da hannu, ta leƙa ciki, ta ɗebo garin ta murza.

"Bai tsage ba, alhamdu lillahi. Amma dakan bai yi laushi ba, Anti, sai na sake."

"Kiɗan fa?" in ji Amna.

Mardiya ta ɗago kai. "Da aka fara, na tuna gidanmu da asuba. Har na ji kamar muryar Ummata." Ta goge ido da gefen hijabi, ta miƙe. "Ku kawo bargon a naɗe shi."

Washegari Amna ta buɗe takardun aikin, ta nemo dogon sautin nan, ta rubuta a samansa da Hausa da Larabci: a riƙe nan har masu guɗa su gama. Wata jarida ta yi rubutu mai kyau a kan wasan, da hoton Husam baki buɗe yana kallon taɓarya a sama. Ya yanke hoton ya kai wa mahaifiyarsa. Amna ta ci gaba da koyar da piyano, amma ta koma rubutu kullum da safe, har ta fara wani sabon aiki na sarewa da muryoyin mata.

Ana cikin sanyi Daliya ta sake kira. Masu shirya wani bikin kiɗa a Iskandariyya sun ji labari, suna son a kawo Lugude. Amna ta sayi lemo da ayaba ta hau benen Darrasa, ta zauna tana ta kewaye-kewaye, ta tambayi jarrabawa, ta tambayi Malam, ta yaba sabon labule.

"Anti, faɗi kawai," in ji Mardiya. "Ina za a kai shi kuma?"

"Iskandariyya. Kwana biyu kacal, ba Alhamis ba Juma'a."

Mardiya ta ajiye littafin da ke hannunta. "Shekarata huɗu a Masar, daga Darrasa sai makaranta. Ban taɓa ganin teku ba. Yanzu turmina ne zai riga ni?" Ta ɗaga murya ta kira mijinta a ɗaya ɗakin. "Malam! Ka ji wai turmi zai tafi Iskandariyya."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Malam Nata'ala daga ciki.

"Da mu za a tafi," in ji Mardiya.

 Sai suka ji Malam ya rufe littafi.

Haka aka yi. Ranar tafiya suka haɗu a tashar Ramsis da hantsi, Amna da mahaifiyarta, Mardiya da Malam, Husam na turo turmin a keken 'yan dako. Mai duba tikiti ya ɗaga bargon ya leƙa, ya tambayi ko mene ne wannan. Husam ya ce kayan kiɗa ne. Mutumin ya dube shi, ya dubi tsohuwar da ke gyaɗa kai da gaske, ya mayar da bargon ya ce su wuce. Suka zaunar da turmin tsakanin kujeru, Hajiya Nana A'isha ta ɗora ƙafafunta a kai, Mardiya ta zauna a bakin taga tana tambayar Husam ko daga wane gari ake fara hango ruwan.